Neman shawara: in karɓi aikin adana tarihi, ko in bi kawu kasuwar albasa?

Ɗan Rijiyar Ɗorawa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekaruna 27, na karanta tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na gama bautar ƙasa. Yanzu takardar kama aikin gwamnatin jiha ta fito mini a mataki na 8, kuma ofishin da aka tura ni na adana tarihi da al'adu ne. Ni abin ya yi mini daɗi, amma gida ba a yi murna ba. Mahaifina cewa ya yi wannan gadin tsofaffin takardu ne, ba aiki ba. Kawuna yana lodin albasa zuwa Kudu, ya ce in zo ya sa ni a hanya, abin da zan samu a kaka ɗaya ya fi albashin shekara.

Ba na so in shekara 35 ina kaɗe ƙura a kabad in fita ba wanda ya san na yi. Burina wata rana in riƙe babbar hukuma, ko ta gidajen tarihi ta ƙasa ko ta gandun daji. Waɗanda suka riƙe irin waɗannan kujeru, ta ina suka bi? Daga ƙasa suka taso, ko sai mai uwa a gindin murhu? Kuma wanda ya karanta tarihi zai iya sauya sheƙa zuwa gandun daji?

Tsohon Darakta:

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara ba ka lissahi, don shi ne ba a gaya ma yara. A tsarin aikin tarayya, daga mataki na 7 zuwa na 14 shekara 3 ake yi kafin a zauna jarrabawar ƙarin girma, daga na 15 zuwa sama kuma shekara 4. Mai digiri yana shiga a na 8, kuma yawancin layuka ana tsallake na 11. In ka jera su, shekara 26 ke nan kafin ka taka mataki na 17, wato cikakken darakta, in ba a taɓa riƙe ka ba ko sau ɗaya. To ana riƙewa. Wata shekarar ka ci jarrabawa a ce babu gurbi. Ritaya kuwa shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, wadda ta riga zuwa. Kai da za ka shiga da 27, shekarun haihuwa za su fitar da kai, aikin 33 gare ka. Jihohi ma kusan wanga tsari suka bi, sai dai ƙarin girman nasu ya fi jinkiri, wani lokaci a ba ka takarda kuɗin bai biyo ba.

Kujerar can sama kuwa ba ta cikin wanga tsani. Naɗi ne, shugaban ƙasa ka yin shi. Dubi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda anka kafa 1979. Ekpo Eyo daga ƙaramin ma'aikaci ya faro a tsohon sashen kayan tarihi tun zamanin Turawa, anka tura shi karatu Ingila, ya riƙe wurin daga 1968 har 1986. Wanga ɗan gida ne. Farfesa Abba Isa Tijani da anka naɗa 2020 daga Jami'ar Maiduguri ya fito, da digirin digirgir na Landan, kuma a hannunsa anka yi yarjejeniyar 2022 da Jamus ta sakin kayan tagullar Benin sama da 1,000. Wanda ya gaje shi a 2024, Olugbile Holloway, daga kamfanoni masu zaman kansu anka ɗauko shi. Mutum uku, ƙofa uku. Don haka wanda duk ya ce maka ga hanya guda da ka bi ta ka isa, bai san aikin ba.

Abin da ke hannunka shi ne ka zama mutumin da in ana neman wanda ya san abu kaza a Arewa, sunanka za a ambata. Ka karɓi aikin, a tabbatar da kai bayan shekara 2, ka nemi hutun karatu. Zariya akwai sashen nazarin kufai da kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, Jos akwai makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi ta hukumar.

Na Gandu:

Abokina, batun gandun daji cire shi daga lissafi, ko ka shige shi da ido buɗe. Ni can nake aiki. Hukumar gandun dajin ƙasa ta masu kaki ce: fareti, bindiga, muƙami a kafaɗa. Wanda ake sa ran zai hau sama shi ne mai karatun dabbobin dawa ko ilimin gandun daji ko na halittu, irin waɗanda suka fito daga kwalejin kula da namun daji ta New Bussa, ko sashen gandun daji na jami'arku ta nan Sakkwato. Mai tarihi za a iya ɗaukarsa, amma sashen yawon buɗe ido ko wayar da kai za a ajiye shi, kuma da wuya a ba shi riƙon gandu. Shugabanmu da aka naɗa 2017, Dokta Ibrahim Goni, a cikin hukumar ya taso, daji ya sha kafin ofis. Mu a nan ɗan gida ya fi samun kujerar, ba kamar gidajen tarihi ba.

Sannan ka sani babu gandun ƙasa a jihar Sakkwato. Tsofaffin guda 7 su ne Tafkin Kainji, Kamuku, Gashaka Gumti, Tafkin Chadi, Tsohuwar Oyo, Okomu da Kuros Riba. Yankari ma an mayar wa Bauchi tun 2006. Ko cikin sababbi 10 da aka amince da su a 2020, irin su Falgore da Kogo da fadamar Haɗejiya, babu namu. Cikin tsofaffin, mafi kusa da kai Kainji ne ko Kamuku ta Birnin Gwari, kuma ka san su wa ke zaune a dazukan nan yanzu. A da, da maharbi da mai saran madobiya da makiyayi muke fama, yau mai ɗauke da makamin da ya fi naka ne. Ka fita sintiri da asuba, ka tarar da tarkon waya an ɗaure a gindin itace, ƙafar gada a ciki ta kumbura ƙudaje sun rufe ta, ka kwance wayar ka naɗe a jaka, kana yi kana kasa kunne ko mai tarkon yana kusa. Ina son aikina, amma ba na yi wa kowa tallarsa.

In itatuwa da hamada ne suka dame ka, hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada, har da Sakkwato. Wannan ta fi kusa da gida.

Alhajin Tsohuwar Kasuwa:

Ku daina ruɗa yaro. Albashin mataki na 8 buhun shinkafa nawa zai saya? Bi kawunka. In ka yi kuɗi ka gina gidan tarihin naka, ka ɗauki masu digirin su yi maka gadi.

Malama daga Gidaɗawa:

Alhaji, albasar ma tana ruɓewa a hanya, ba kowace kaka ake dariya ba.

Ƙanena, ni tambayar da zan yi maka ɗaya ce: kana iya karanta rubutun hannu na Larabci irin na mutanen da, da ajamin Hausa da na Fulfulde? In amsar a'a ce, to nan aikinka yake, ba a Abuja ba. Masu digirin tarihi sun cika gari. Wanda zai buɗe gafaka ya gane abin da ke ciki, su ne ba su da yawa, kuma masu iyawar tsufa suke yi.

Bari in gaya maka yadda aikin yake, tunda Baba ya kira shi gadi. Za a kawo maka littafi daga wani gida, ba ɗinki, warƙoƙi ne a sake tsakanin kwali biyu an ɗaure da tsirkiyar fata. Yara sun taɓa zubar da shi an tattara yadda aka ga dama. Babu lambar shafi. Abin da zai cece ka shi ne kalmar nan guda da marubucin ke sakawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba; da ita za ka bi har ka mayar da kowace warƙa gidanta. Ka ɗaga takardar a haske, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, takardar Italiya ce da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita, kuma tana taimaka maka wajen kirdadon zamanin kwafin. Gara ta ci gefe, ruwan damina ya taɓa wani wuri tawadar ta baje. Wani mai kyakkyawar niyya ya manna salatif a inda ya yage, gam ɗin ya ƙone takardar ta koma ruwan ƙasa, ya ɗauke rubutun. Duk wannan sai ka rubuta shi: wane littafi ne, na wa, wa ya kwafa, me ya ɓace. Wanda ya iya wannan, masu bincike daga Ingila da Jamus da Amurka shi suke nema in sun sauka garin nan, kuma ta nan gayyatar taro da tallafin karatu suke shigowa.

Kuma ba sai ka duba nesa ba wajen abin koyi. Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, an haife shi 1906, ya zama Wazirin Sakkwato 1948, ya riƙe har rasuwarsa a 1997. Karatun zaure ya yi. Ya tattara rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u da na gidansu na Giɗaɗo, ya buɗe wa masu bincike ƙofa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Kusan duk wanda ya yi rubutu mai nauyi a kan Daular Usmaniyya a zamaninsa sai da ya zauna gabansa. Yau gidan tarihin jiha sunansa yake ɗauke da shi. Ka gaya wa Baba wannan, shi ya san Waziri fiye da mu.

Ɗan Binji:

Malama ta yi maganar takardu, ni zan yi ta ƙasa. Surame tana ƙaramar hukumarmu, birnin Kanta na Kabi tun ƙarni na 16, ganuwarta ta dutse har yau tana tsaye a wurare. An ayyana ta kayan tarihin ƙasa tun 1964, an saka ta jerin jiran shiga wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO a 2007, har yau tana jira. Najeriya gaba ɗaya wuri 2 ne suka shiga cikakken jerin: Sukur ta Adamawa a 1999 da dajin Osun na Osogbo a 2005. Ga Alkalawa, ga Degel, ga Wurno inda hubbaren Bello yake. Wa zai auna su, ya zana taswira, ya rubuta takardun da ake buƙata? Ɗan wani gari ba zai zo ya yi mana ba, balle yanzu da tsaro ya sa baƙi ba sa son bin hanyar Binji da Tangaza. Wanda ya kai Surame cikin jerin nan, ko bai zama shugaban hukuma ba an san da shi.

Tsohon Darakta:

Ɗan Binji, gaskiya ne, amma kada mu ɗora ma yaro abin da ba nashi ba. Shigar da wuri jerin UNESCO gwamnatin tarayya ka miƙa takarda, kuma sai da kuɗi da tsarin kula da wurin. Ƙaramin ma'aikacin jiha ba shi iyawa shi kaɗai. Abin da zai iya shi ne ya yi digirinsa na biyu a kan wurin, ya zama in an tashi aikin dole a neme shi.

Wani abu kuma ɗana, tunda shugabanci kake so. Na ga masana da yawa da anka ba ofis sunka kasa, don ba su san fayil ba. Koyi rubuta takardar neman kuɗi, koyi kare kasafi gaban kwamitin majalisa, karanta dokokin aikin gwamnati da na kashe kuɗi tun kana ƙarami. Ofisoshin al'adu su ne na ƙarshe in ana rabon kuɗi, su ne na farko in ana yanka. Na taɓa aiki ƙarƙashin wani shugaba da rufin ma'ajiyarmu ya yi damina biyu yana zuba, ba don an hana kuɗin ba, sai don takardar da ya aika ba ta bi ta inda ya kamata ba, kuma girman kai ya hana shi tambayar akawunsa.

Ɗan Rijiyar Ɗorawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Darakta, lissafin nan ya sanyaya mini jiki amma gara da na ji shi yanzu. Na Gandu, na janye maganar gandu. Malama, Larabcina na Islamiyya ne, bugun Misira nake iya karantawa, rubutun hannu kuwa ina hargitsa fa'un da ƙaf. Wa zai koya mini? Kuma kawu fa, in ce masa a'a kai tsaye?

Malama daga Gidaɗawa:

Ba laifinka ba ne, a rubutunmu na nan fa'un ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin bugun da ka saba. Nemi alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da hannu a warshu, akwai su a cikin gari, ka zauna wurinsa bayan la'asar da allo kamar kowane almajiri. In idonka ya saba, sai ka koma wurin malamin zaure ku bi ƙaramin littafin Shehu ɗaya a rubutun hannu, kana riƙe da bugaggen kwafi kana gwadawa. Ajamin Fulfulde bar shi sai daga baya.

Alhajin Tsohuwar Kasuwa:

Tunda ka ƙi ji, to kada ka ce wa kawunka a'a. Ma'aikaci ba a hana shi noma ba. Ka zuba ɗan abin da kake da shi a kakar bana, shi ya yi lodi, kai ka riƙe masa lissafi ranar Asabar da Lahadi. Ranar da albashi ya makara za ka tuna da ni.