Muhawara: Mu Koma Tsarin Firaminista Ko Mu Zauna Kan Na Shugaban Ƙasa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: tsarin shugaban ƙasa da muka ɗauko daga Amurka a 1979 ya fi ƙarfin aljihunmu, kuma shi ya mayar da mulki na masu kuɗi zalla. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Fom kaɗai fa, ba a zo kan daliget ba, ba a zo kan zagaye jihohi 36 ba. A tsarin firaminista mazaɓarka kawai za ka nema, in jam'iyyarku ta yi rinjaye 'yan uwanka su ɗora ka, ministoci ma daga cikin majalisa za su fito. Shi ya sa nake bayan 'yan majalisar wakilai 60 da suka kawo ƙudiri a Fabrairun 2024 a koma can daga 2031.

Baba Malam: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai mun zauna a cikinsa daga 1960 zuwa 1966, ba labari aka ba mu ba. A zaɓen 1959 kujeru 312 ne a majalisar tarayya, 174 na Arewa. Mutanen Kudu sun yi lissafi sun ga muddin NPC, jam'iyyar Arewa, ta riƙe gida, to firaminista ba zai taɓa fitowa daga wajensu ba, kuma wannan lissafi ya ci musu rai. Sannan ka dubi Ibadan a 1962. Awolowo da Akintola sun saɓa, gwamnan Yamma ya sauke Akintola daga kujerar firimiya bisa takardar da 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Da majalisa ta zauna aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa, sai dokar ta-ɓaci. Bayan zaɓen 1964 kuma Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Ƙarshenta kowa ya sani, 15 ga Janairu 1966. Kwamitin rubuta tsarin mulki da Murtala ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams da wannan ciwon ya zauna, shi ya sa aka ce sai mai neman shugaban ƙasa ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'a a kashi biyu bisa uku na jihohi. Dole ka je ka roƙi ƙuri'a inda ba a jin yarenka. Ni wannan sharaɗin ba zan sayar da shi da arha ba.

'Yar Zazzau: Baba, Allah ya ƙara girma, amma sojojin ba su ƙyale ɗaya tsarin ba, Shagari ma sun kifar da shi a ƙarshen 1983. Mu a Kaduna mun ga abin da raba zaɓen gwamna da na majalisa ke haifarwa. Balarabe Musa ɗan PRP ne, majalisa ta NPN ce. Ya kai sunayen kwamishinoni suka yi ta watsar da su, haka ya yi mulki ba kwamishina har suka tsige shi a Yunin 1981. Yau kuma an juya, gwamna ne ke haɗiye majalisa. Abin da ke damuna shi ne wa zai tsayar da shugaba ya tambaye shi. A Ingila duk Laraba in majalisa na zama firaminista yana miƙewa ya amsa tambayoyi da bakinsa. Namu sai ranar kasafin kuɗi ake ganinsa, ya ajiye akwati, a tafa, ya fita. Kuma lokacin da marigayi 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009, sai Fabrairun 2010 majalisa ta samo dabarar ba Jonathan riƙo. Da firaminista ne, jam'iyya za ta zauna ta fitar da wani cikin mako.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, ku dai kada wani ya ce muku a haɗa biyun. Mu a Nijar mun haɗa. A 1995 'yan adawa suka ci majalisa, Mahaman Usman yana shugaba, Hama Amadu ya zama firaminista. Har taron majalisar ministoci ya gagara a Yamai, kowa na cewa shi tsarin mulki ya ba iko. Janairun 1996 Ba'are ya zo da tankoki.

Lauya: Ƙanena Ɗan Fagge, batun tsada ne ban yarda da shi ba. Sanatoci 109 da wakilai 360 da alawus ɗinsu da motocinsu, ba tsarin Amurka ne ya wajabta mana su ba, mu muka yanka wa kanmu. Senegal ta soke majalisar dattawa a 2012 ba ta sauya tsari ba. Abin da ya fi ba ni tsoro: in wakilai 360 ne za su zaɓi shugaba, mai kuɗi 181 kawai zai saya. Da irin sauya sheƙar da ake yi a nan, gwamnati za ta iya faɗuwa a ɗakin otal da daddare.

Ɗan Fagge: Yaya Lauya, to yanzu ba sayen ake yi ba? Daliget nawa ne ke fitar da ɗan takara? A daren fidda gwani ake gama cinikin, mu kuma a ba mu zaɓi tsakanin waɗanda suka riga suka biya, sannan mu haƙura shekara huɗu ko da ana yanka mu a hanyar gona. Afirka ta Kudu majalisa ke zaɓen shugaba. ANC ta sa Mbeki ya sauka a 2008, ta sa Zuma ya sauka a 2018, ba soja ko ɗaya da ya fito daga bariki. Indiya ta fi mu yawan jama'a da yare da addini, da wannan tsarin take tafiya.

Baba Malam: ANC tun 1912 take, ɗana. Jam'iyya ce mai saiwa, tana iya ce wa shugabanta sauka. Mu ma mun taɓa yin irinta. Ɗan NEPU da kuɗinsa yake yankar kati, a ɗaure shi a kotun alƙali, ya fito bai sauya ba. Wace jam'iyya ce yau za ta kira shugaban ƙasa ko gwamna ta ce masa ya isa, alhali shi ke biyan hayar ofishinta? Ka ɗora firaminista a kan waɗannan, ka ɗora rufi ne a kan ginin da ba a yi wa tushe ba.

'Yar Zazzau: Baba, amma ai tsarin nan ne ya kashe su. Tun da aka tara komai a hannun mutum ɗaya, jam'iyya ta koma kayan aikinsa.

Lauya: Ko da mun yarda da ke, Hajiya, gyaran tsarin mulkin sai ya sami kashi biyu bisa uku a majalisun tarayya biyu, sannan majalisun jihohi 24 su amince. Gwamnonin da za a rage wa iko su ke riƙe da waɗannan majalisu.

'Yar Zazzau: To a fara da abin da za a iya tura su a kai. A sa doka shugaba da gwamna su riƙa bayyana gaban majalisa duk wata uku, kai tsaye a rediyo, 'yan adawa su yi tambaya. A kuma toshe ƙofar nan ta "rikicin jam'iyya" da masu sauya sheƙa ke fakewa da ita suna riƙe kujera.

Ɗan Fagge: Na yarda da biyun, Anti, amma ban janye ba. Shugaban da ya san ba mai iya sauke shi kafin shekara huɗu zai zo ya amsa tambayar, ya koma ya ci gaba da abin da yake yi. Baba, in an bar maka sharaɗin kashi ɗaya bisa huɗun nan a kan jam'iyyu maimakon mutum ɗaya, za ka zo wajenmu?

Baba Malam: Kawo yadda za a rubuta shi, Lauya ya duba mana, sai mu yi magana.