Shawarwari kan dawo da 'yan kallo sukuwar Cheltenham

Sukuwar Cheltenham ta kwana huɗu da ake yi a Ingila duk watan Maris ta tara mutum sama da 280,000 a 2022, amma a 2025 ba su kai 220,000 ba. Yawancin waɗanda suka tattauna yadda za a dawo da 'yan kallon, tsada suka ɗora wa laifi, musamman masauki, don otal-otal na tsawwala kuɗin ɗaki a makon. Suka ce a rage kuɗin shiga, a sauƙaƙa wa matasa, a gyara wurin ajiye motoci da ke zama taɓo in an yi ruwa. Ni dai na fi gamsuwa da masu son a rage tseren da ake sanin gwaninsa tun kafin a saki linzami, ganin yadda dawakin da Willie Mullins, wani mai horar da dawaki ɗan ƙasar Ireland, ya horar ke yawan lashewa.