Wa ya ceci namun daji, gidan zu ko mutanen Kure?

Auta: Assalamu alaikum. Yau malaminmu na kimiyya ya ce ba don gidajen zu ba, da namun dajin Sahel da yawa sai dai mu gan su a hoto. Ni kam na yarda da maganarsa.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, gobe ki tambaye shi wane gidan zu ne ya ceci raƙuman dawa na Kure. A 1996 irinsu na Afirka ta Yamma kusan 50 kaɗai suka rage a duniya kaf. Yau sun haura 600, kuma babu ko ɗaya da aka haifa a keji. Nan kusa da Yamai suke, kilomita 60, suna cin gawo a bakin gonakin mutane.

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ƙara girma, raƙumin dawa na ba ku. Amma mariri fa? Fari mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu, wanda saboda irinsa aka keɓe dajin Gadabeji na jihar Maraɗi a 1955. Farauta da fari suka cinye shi, har a 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji. Waɗanda suka rage duk a gidajen zu da garkunan masu kiwo suke. Daga cikinsu aka haɗa garke a Abu Dabi, aka ɗauko 25 a jirgi zuwa Chadi a 2016, aka sake su a gandun dajin Wadi Rime. A cikin 2016 ɗin ɗaya ta haihu a daji. A 2023 aka cire sunansa daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Da ba a ajiye iri a rumbu ba, me za a shuka?

Kawu: To a Chadi ke nan. Namu na Nijar ya dawo?

Yaya Babba: Bai dawo ba tukuna. Amma wannan ba laifin masu kiwon ba ne.

Gwaggo: Ku bari in sa baki, don ni na zauna wajen Dallol Bosso, kwarin da raƙuman dawan ke kiwo. Ku da kuke Yamai kuna ganin raƙumin dawa abin sha'awa ne. Manomi kuwa ya shanya wakensa a kan rumfa, da asuba ya tarar an miƙo wuya an share rabi, ga manyan sawu a cikin rairayi. Mangwaron lambu ma ba su bari. Mutanen nan suka haɗiye, ba su ɗauki bindiga ba. In ana rabon yabo, a fara da su.

Auta: Gwaggo, ai da an kai wasu zu tun farko, da ba a dogara da haƙurin manoma kaɗai ba.

Kawu: 'Yata, an daɗe ana zaton akwai irin namu a gidajen zu na Faransa. Da aka gwada ƙwayoyin halittarsu a 2007, sai aka gano wani iri ne daban, na Kordofan. Ashe duk tsawon lokacin nan babu wani ajiyayye a ko'ina, na Kure ne kawai. Shi ya sa a 2018 aka ɗebi 8 a mota aka kai Gadabeji, kada cuta ɗaya ko fari ɗaya ya gama da su a wuri guda. Daga daji zuwa daji.

Yaya Babba: Wannan hujjata ce, Kawu. Shekaru muka yi muna tafiya a bakin rami ba mu sani ba. Mu ma a nan gida ana kiwon jimina mai jan wuya a Kelle, wajen Gure, don ta ɓace daga Ayar. Kiwo ne a cikin shinge, ko an kira shi zu ko ba a kira ba.

Gwaggo: Kiwo don a saki daban, tsarewa don kallo daban. Na taɓa ganin zaki a wani gari yana kai da komo a ɗaki kamu shida, gashin gefensa ya goge saboda gugar ƙarfe. Shi wane daji za a mayar da shi?

Auta: Amma ni a gidan tarihi na Bubu Hama na fara ganin dorina da kura da idona. Yaran Yamai nawa ne za su iya zuwa gandun namun daji na W?

Kawu: Wannan ban musa ba, ni ma can na kai ku kuna ƙanana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce su suka ceci namun Sahel. Mariri na ba su. Jimina sai na ji an sake ta ta yi ƙwai a daji.