Faifai zan saya wa Baba ko kuɗin kallo zan riƙa biya?

Autar Baba: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya yi ritaya, likita kuma ya ce ya rage fita. Ba abin da yake so kamar tsofaffin finafinan Amurka masu waƙa da rawa, musamman The Sound of Music na 1965, da ya gani a silima yana saurayi. Intanet ɗin gidansa ba ta da ƙarfi, idonsa kuma ba ya ganin rubutun waya. In saya masa faya-fayan DVD ne, ko in biya kuɗin kallo ta intanet na wata-wata?

Sarkin Data: Wa ke sayen faifai a wannan zamani? Ki biya kawai, ya kalla a waya.

Autar Baba: Yaya, ka dai karanta abin da na rubuta kuwa?

Kawu Mai Rediyo: 'Yata, kafin ki taɓa faifai ki duba bayan kwali. Ni akwati guda na yi oda daga Amurka. Ranar da ya iso na tara iyali, na sa faifai, na'ura ta yi ƙurrr ta tofo shi. Na goge da hannun riga, na mayar, ta sake tofowa. Ashe masu DVD sun raba duniya shiyya-shiyya: Amurka lamba 1, Turai 2, yawancin Afirka 5, na'urar wata shiyya ba ta karanta faifan wata. Na yi wa mai sayarwa magana, wai ai an rubuta. An rubuta ɗin, ƙanƙani kamar tururuwa. Kuɗina bai dawo ba, akwatin na nan yara na ɗora ƙafa a kai.

Maman Biyu: Allah ya mayar da alheri, Kawu. Amma faifai ya fi araha, kuɗin kallon wata biyu zai saya miki fim biyar.

Sarkin Data: Biyar ina! Guda ɗaya na asali ya cinye na wata uku.

Maman Biyu: To wanda ya sayar maka ya gan ka da sabuwar riga ne.

Kawu Mai Rediyo: Ni ko yau na ga kwalin sai raina ya ɓaci. Da kuɗin aikowa fa na biya.

Ɗan Ciki: The Sound of Music ɗin nan ya kusa awa uku. Ku tanadi boga da soyayyen dankali, amma dankalin zai yi sanyi tun kafin yaran nan bakwai na cikin fim ɗin su gama waƙar farko.

Hajiya Babba: Ana maganar dattijon da likita ke dubawa, kai kana kawo maiƙo. Kai kuma Sarkin Data, ka taɓa zama ka kalli ko ɗaya har ƙarshe?

Sarkin Data: Hajiya, ba sai na kalla ba zan san farashi. Kawu da ke kallo ai shi aka cuta.

Hajiya Babba: Ni abin da ya taɓa sosa mini rai daban ne. Na daɗe ina yabon muryar Audrey Hepburn a My Fair Lady na 1964, ashe yawancin waƙoƙin Marni Nixon ce ta rera. Ita ce kuma ta rera wa Natalie Wood a West Side Story, ko sunanta ba su sa a fim ba. Gara Indiyawa, kowa ya san Lata Mangeshkar ce ke waƙar.

Ɗan Ciki: Muryar aro da sauƙi. Dariyar aro fa? A wasannin barkwancin talabijin mutum ya buɗe ƙofa kawai sai ka ji ɗaki ya fashe da dariya. Tun shekarun 1950 wani Charley Douglass ya ƙera na'urar da ke zuba ta.

Maman Biyu: Ba duka ba. Friends a gaban 'yan kallo na gaske aka ɗauka.

Ɗan Ciki: To su 'yan kallon me aka ba su da suke dariya haka?

Kawu Mai Rediyo: Wanda ke da na'ura mai lamba 1 ya yi mini magana, zan yi ragi.