Hifnosis da Bangaskiyar Kirista: Sihiri Ne Ko Magani?

Anti Nas: Salama, 'yan'uwa. Wata 'yar'uwa ce ciwon hanji ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ba ta shawarar gwada hifnosis, wato a yi ta mata magana a hankali har tunaninta ya tattaru wuri guda, jiki ya saki. Ta ce ita Kirista ce, ba da ita ba. Me kuka gani?

Baba Dattijo: Ta kyauta, 'yata. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana duba da sihiri. Galatiyawa 5:23 kuma ta sa kamunkai cikin albarkar Ruhu. Wanda ya miƙa wa wani linzamin hankalinsa, ina kamunkai a nan?

Ɗalibin Tauhidi: Baba, a gafarce ni, sai mun fara tabbatar da cewa sihiri ne. Mesmer, likitan da ya yi tashe a Faris, wanda daga aikinsa hifnosis ya samo asali, cewa ya yi wani ƙarfi irin na maganaɗisu ke ratsa jiki. A 1784 Sarki Louis na 16 ya naɗa kwamiti, har da Benjamin Franklin, masanin kimiyya ɗan Amurka, a ciki. Suka ɗaure wa mutane ido, sai ga wanda ba a yi masa komai ba yana zubewa don ya zaci an yi, wanda aka yi wa bai sani ba kuwa ko gezau. Ba ruhu, ba maganaɗisu, tunanin mutum ne ke aiki.

Baba Dattijo: Shaiɗan ba ya bari kwamiti ya gan shi, ɗana.

Ɗalibin Tauhidi: Kusan haka wani fasto mai suna Hugh M'Neile ya yi wa'azi a Liverpool a 1842, yana sukar likita James Braid mai yin hifnosis. Braid, wanda shi ma Kirista ne, ya mayar da martani a rubuce cewa abin na jijiya da hankali ne kawai. Kafin shi ma, wani fadan Katolika ne ɗan Goa ta ƙasar Indiya, Abbé Faria, ya ce sirrin yana wajen wanda ake yi wa, ba wajen mai yi ba.

Malama Mai Zumunta: Mu Katolika an daɗe da ba mu amsa. A 1847 Roma ta ce ba haramun ba ne muddin ba camfi, ba kiran ruhohi, ba mugun nufi. Fafaroma Pius na 12 a 1957 ya yarda da shi don rage zafi a hannun likita, amma ya ce ba abin wasa ba ne. Na san Adventist da Shaidun Jehobah ba su yarda ba sam.

Anti Nas: Baba, a ɗakin tiyata allura ɗaya muke yi, mutum ya tafi gaba ɗaya, ko sunansa bai sani ba, ba wanda ya ce ya yi zunubi. Wanda ake yi wa hifnosis kuwa yana ji, yana amsawa, in ya ga dama ya buɗe ido ya tashi. Ni tsorona daban ne: ana iya dasa wa mutum tunanin abin da bai taɓa faruwa ba, ya rantse ya faru. Masu cewa za su mai da kai "rayuwarka ta baya", wadda wai ka yi kafin a haife ka, wannan kam Ibraniyawa 9:27 ta rufe ƙofar, don ta ce sau ɗaya mutum ke mutuwa.

Baba Dattijo: Ka ji! Ga shi da bakinki.

Anti Nas: Da bakina na ce a duba wa ke yi, da abin da yake zubawa a kunne. Likita mai lasisi daban, mai sa mutane kukan kaza a dandali don a yi dariya daban.

Ɗalibin Tauhidi: Ni tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: a wasu tarukan farkawa, a rage haske, a yi ta maimaita baiti ɗaya, kiɗa na tashi a hankali, mai wa'azi ya ce "in na ƙirga uku za ku faɗi", jama'a su zube. Ban ce Ruhu ba ya aiki ba. Amma da me za mu bambance wannan da abin da muke hana 'yar'uwar nan?

Baba Dattijo: Yaro, wannan maganar ba ta waya ba ce. Ka same ni bayan sujada.