Kunun zaƙi karon farko, shawarwarin da aka tara

Ƙawarmu ta gwada kunun zaƙi ya fito tsululu ga tsami, shi ne aka yi ta ba ta shawara. Yawanci sun ce a jiƙa gero ya kwana, a markaɗa da citta da kanumfari da dankalin Hausa, a raba ƙullun biyu a dama mai yawan da tafasasshen ruwa, amma fa kar a zuba ɗanyen sai damammen ya sha iska, in da zafi zau zaƙin ba ya fita. Wata ta dage sai an sa tsiro, wato hatsin da aka jiƙa har ya tsira, ni dai dankalin ya ishe ni. A rufe ya kwana, da asuba a tace a sa a firij, don da zafin nan in ya daɗe a waje kumfa zai fara, jarka ta kumbura, ya kama hanyar burkutu.