Katina na lanƙwashewa, tawadar tambari kuma ta ƙi bushewa: ina matsalar take?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa katin gayyatar walima guda 60 da hannu, kowanne da fure na takarda a gaba da rubutun tambari a ƙasa. Abu uku ne suka tsaya mini. Da na shafa farin gam na manna takarda mai launi a kan katin, kafin ya bushe sai ya kumbura ya lanƙwashe. Tawadar tambarin kuma ko bayan kwana ɗaya idan na goga yatsa sai ta biyo ni. Na uku, furen wardin da nake naɗewa yana bajewa da zarar an sa katin a ambulan. Kwalin mai sheƙi ne, irin wanda masu buga kalanda ke amfani da shi, tawadar kuma ta ofis ce, shuɗiya. Sannan ana so in yi manyan furanni na bango inda amarya za ta zauna. Don Allah masu sani a taimaka da ma'auni.

Hajiya Mai Kwalliya:

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Bari in ɗauki maganar kwali da gam, ita ce tushe.

Farin gam, irin su Top Bond, akwai ruwa da yawa a cikinsa. Takarda idan ta sha ruwa ta gefe ɗaya, wannan gefen yana buɗewa, ɗayan yana nan yadda yake, dole ta lanƙwashe. Idan ta bushe kuma sai gefen ya tsuke ya ja ta ta koma ɗaya wajen. Saboda haka kada ki shafe bayan takardar gaba ɗaya. Layi siriri a gefuna huɗu, ki bar kamar milimita 3 daga baki don kada ya tsattsafo, sai ɗigo ɗaya a tsakiya. Ki baza shi da guntun kwali har ya zama kamar babu. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne salatif mai manne fuska biyu, babu ruwa a cikinsa sam, kati ba zai motsa ba. Farin gam ki bar shi don ƙananan abubuwa, duwatsun ado da ganye. Kada ki yarda da gam ɗin sitaci ko na fulawa da ake damawa a gida, ko da an ce miki yana riƙewa. Yana riƙewa, amma kyankyasai da kiyashi za su cinye miki katin a cikin durowa.

Duba nauyin kwalin ma. A jikin ƙunshin ana rubuta lamba da gsm, wato ma'aunin nauyin takarda. Takardar firinta 80 ce, ba ta tsayuwa. Jikin kati yana son 250 zuwa 300. Takardar da za ki ɗora a kai 120 zuwa 160 ta isa.

Ga ma'auni. A4 milimita 210 ne da 297. Ki raba tsawonsa biyu, kin sami guda biyu masu 148 da 210. Kowanne idan kin ninka shi ya zama 105 da 148, kuma shi ne daidai ambulan C6 mai 114 da 162. Kenan kati 60 kwali 30 ne, amma ki sayi 36, domin ba a rasa ɓarna. Takardar gaba ki yanka ta 99 da 142, za ta bar miki baki na milimita 3 ko'ina. Da reza da rular ƙarfe za ki yanka, almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen layi a tsawo irin wannan.

Wajen ninki mutane da yawa ke ɓata kwali mai tsada. Kwali mai kauri ba a ninke shi haka kawai, fatarsa tsagewa take yi, farin ciki ya fito. Ki ɗora rula a tsakiya, ki ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, sau biyu, da ɗan ƙarfi. Layin zai lotsa ta sama, ya yi tudu ta ƙasa. Ki ninka ta yadda tudun zai kasance a cikin katin, sannan ki murje ninkin da bayan cokali. Kwali kuma yana da jijiya: ki ɗan tanƙwara shi ta tsawo, ki sake ta faɗi, wajen da ya fi saurin bi nan jijiyar ta nufa. Ninkin da ya bi jijiya ba ya fashewa. A yawancin A4 na ƙunshi jijiyar tana bin tsawo ne, don haka yankan da na faɗa yana faɗawa daidai. Wanda aka yanko miki daga babban falle a wurin masu ɗab'i kuwa sai kin gwada da kanki.

Idan kin gama mannawa, kafin ki sa fure, ki jera katunan tsakanin fararen takardu ki danne da manyan littattafai su kwana.

Malam Mai Tambari:

Hajiya ta gama da gam. Maganar tawada, 'yar'uwa, laifin ba na hannunki ba ne, kayan biyu ne ba sa jituwa. Tawadar ofis ba bushewa take yi a iska ba, takarda ce ke shanye ta. Shi kuma kwali mai sheƙi an shafe fuskarsa, babu inda za ta shiga, sai ta zauna a sama. Ko mako ta yi za ta goge. Ko dai ki canja kwali zuwa marar sheƙi mai santsi, ko ki canja tawada zuwa wadda ake yi don roba da gilashi, kamar StazOn. Shawarata ki canja kwalin, ya fi arha, kuma ita StazOn tana da kaifi, tana cinye tambarin roba mai haske a hankali.

Idan ba ki son asarar kwalin da kika riga kika saya, ki buga rubutun a ƙaramar takarda marar sheƙi, misali santimita 3 da 8, ki manna ta a gaban katin. Wannan ma ya fi, don idan bugu ya lalace guntuwar takarda kika yi asara, ba kati ba.

Tawadar masu kati iri biyu ce a taƙaice. Akwai mai ruwa-ruwa da ke shiga takarda nan take, irin Memento. Tana bushewa cikin daƙiƙoƙi, amma rana tana kashe launinta da daɗewa. Akwai mai kauri da ke zama a saman takarda, irin VersaFine, tana fitar da siririn rubutu tsaf, sai dai ki ba ta 'yan mintuna kafin ki taɓa. Don rubutun gayyata, mai kaurin ta fi.

Yadda ake bugawa: ki kwantar da tambarin fuskarsa sama, ki riƙa ɗan bubbuga kushin tawadar a kansa sau biyar ko shida, ba ki danna tambarin cikin kushin ba. Dannawa ke cika ramukan haruffa, sai wasalin a da o su toshe. Ki sa takarda huɗu ko biyar, ko siririn soso, ƙarƙashin abin da za ki buga. Ki sauke tambarin a miƙe, ki danna ko'ina daidai, ki ƙirga biyar, ki ɗaga a miƙe. Kada ki jijjiga shi dama da hagu, shi ke kawo inuwa a gefen rubutu. Sabon tambari mai haske idan kika ga tawada na taruwa ɗigo-ɗigo a kansa, ki goge fuskarsa da robar goge fensir, ki buga sau uku a takardar banza, zai kama. Bayan kowane bugu goma sha biyar ki share shi da ƙyalle mai ɗan danshi, musamman da hunturu, ƙura na manne wa tawada ta bar fararen ɗigo a rubutu.

In za ki kai a yi miki tambari na musamman wurin masu yin na ofis, abu biyu ki duba a kwamfuta kafin su zuba. Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da 'y su fito daidai, domin yawancin salon rubutu masu ado ba su da su, sai ki ga an sa miki akwati ko an mayar da ƙ ta zama k. In akwai Larabci, ki tabbata haruffan sun haɗu kuma sun fara daga dama, don wani lokaci manhajar zane ta CorelDRAW na warwatsa su. Ni dai ba na ba da shawarar sa aya a katin gayyata, kin san inda yawancinsu ke ƙarewa bayan biki.

Anti Furanni:

Wardi naɗaɗɗe ba na ambulan ba ne, Maman Biyu, komai ƙwarewarki. Ana yanka da'ira mai faɗin santimita 8, a bi ta da almakashi a zagaye zuwa tsakiya, faɗin zirin kamar santimita ɗaya da rabi, a fara naɗewa daga bakin waje, a sake shi ya ɗan buɗe, a manna gindinsa a kan ɗan da'irar da ya rage a tsakiya. Tsayinsa kenan ya kai faɗin zirin. Ambulan C6 ba ta da wurin wannan. In lallai shi kike so, sai dai ki yi wa kowane kati ƙaramin akwati mai zurfin santimita 2, aikin ya ninku.

Na ambulan fure ne mai hawa-hawa a kwance. Ki yanka fure mai ganye biyar girma uku: santimita 4, da 3, da 2. Da abin huda fure ya fi sauri, in babu ki yi samfuri da kwali ki riƙa zanawa, ki haɗa takarda uku ki yanka lokaci ɗaya. Kati 60 guda 180 ne, a fara da wuri. Ki ɗora kowanne a kan soso mai tauri, ki murza kowane ganye da abu mai zagayayyen kai, kan allurar saƙa ko gindin burushin fenti, har ya ɗan kwarmaɗe. Ki juya shi ki danna tsakiya. Ki jera su babba a ƙasa, kowane hawa ki karkata shi yadda ganyensa zai faɗa tsakanin biyun da ke ƙarƙashinsa. Ɗigon gam a tsakiya kaɗai. Tsayinsa ba zai wuce milimita 5 ba, kuma ko an danne shi yana tasowa.

Ki tsaga gefen takardar kafin ki saya. In cikinta fari ne, launin a fuska kawai aka buga, kowane yanka zai nuna farin baki. Ki nemi wadda launin ya ratsa ta.

Na bango kuma kwali 160 zuwa 180 ake so. Ƙasa da haka ganyen zai langaɓe, sama da haka ba zai naɗu ba. Fure mai faɗin kusan rabin mita yana cin A4 kamar 14: manyan ganye 7, kowanne falle guda; matsakaita 6, biyu a falle; ƙanana 5 a falle biyu; falle ɗaya na tsakiya, ɗaya na gindi. Gindin da'ira ce mai santimita 15, ki ƙara mata kwalin katan a baya. Kowane ganye ki tsaga gindinsa santimita 5, ki ɗora ɓari ɗaya a kan ɗaya ki manna, shi ke ba shi zurfi. Manya ki haɗa kaɗan don su buɗe, ƙanana ki haɗa sosai don su miƙe tsaye. Bakin ganyen ki naɗe shi a jikin muciya ko bututun ruwa ya lanƙwasa baya. Ana farawa daga waje a shigo ciki. Na tsakiya, ki ninka falle ta tsawo, ki yayyanka bakin ninkin sirara ba tare da kin kai ƙarshe ba, ki naɗe. Nan gam ɗin kyandir na bindiga ne kaɗai ke yi, farin gam ba zai riƙe ganye yana tsaye ba.

Maman Biyu:

Allah ya saka da alheri, na gane inda na kauce. Anti, takardar kiref mai tamoji da ake sayarwa a shagon kayan makaranta fa, za ta yi na bangon? Malam, rubutun zinare mai tudu da nake gani a wasu katuna, da tambari ake yi?

Anti Furanni:

Ta shagon makaranta siririya ce, ba ta riƙe siffa, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa launinta ya zuba a kayan amarya. Mai kaurin, mai nauyin 180 ta Italiya, ita ke yin fure mai kama da na gaske, amma don furen tulu mai kara ta fi dacewa. In kin same ta, tamojin ya bi tsawon ganye daga gindi zuwa baki, sannan ki ja tsakiyar da manyan yatsu biyu ta yi kwarmi. In kika yanka a kwance ba za ta buɗe ba. Da damina tana saki saboda laima, don haka na bango kwali ya fi aminci.

Kada ki manna furannin a jikin fenti, za su taho da shi. Ki sa madaukin waya a bayan kowane gindi, ki rataya a labule da fil, ko a fallen katako. Ranar kai su wurin biki kuma kada su daɗe a but ɗin mota cikin rana, gam ɗin kyandir yana laushi da zafi, ganyen su zame.

Malam Mai Tambari:

Da tambari ne, da garin zinare na musamman da ke narkewa. Ki fara shafa wa takardar hodar jarirai kaɗan ki kaɗe, don kada garin ya manne inda ba a so. Ki buga da tawada marar launi mai danƙo, irin VersaMark, ki zuba garin a kai tun tana da danshi, ki karkata takardar sauran ya koma kwalba. Ɓurɓushin da ya saura ki ɗauke da busasshen burushi. Sai zafi. Na'urar busar da gashi ba ta yi, iskarta ta yi yawa, zafinta bai kai ba, za ta watsar da garin. In ba ki da bindigar zafi, ki kifa dutsen guga na lantarki fuskarsa sama, ki riƙe takardar da hantsaki kaɗan sama da shi, garin yana sama. Za ki ga ya juya daga gari zuwa sheƙi yana tafiya harafi bayan harafi. Da ya juya ki matsa gaba, in ya daɗe tudun zai nutse cikin takarda ya bar tabo kamar na mai. Takardar za ta ɗan lanƙwashe da zafin; ki bari ta huce minti ɗaya, ki danne ta da littafi, sannan ki manna ta da salatif mai fuska biyu.